Ranar Da Hanyar Keke Ta Ratsa Gidan Biki

A layin Kemuning, in ka ji ƙarar usur tun kafin ka ga mai shi, to Pak Darmaji ne ya fito. Pak ɗin lakabin girmamawa ne da muke sa wa magidanci. A tashar mota ya samo usur ɗin, inda ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana hura wa direbobi, su kuma suna yin abin da suka ga dama. Da ya yi ritaya aka karɓe hula, aka karɓe kaki, aka manta da usur. Wannan mantuwar ce ta jawo wa unguwarmu duk abin da za ku ji.

Mutanen layin sun zaɓe shi shugaba ne don babu mai son wahalar, shi kuwa ya ɗauka ƙauna ce. Tun daga ranar ya daina cewa layinmu, sai dai yankina. Yana da wani ɗan keke mai naɗewa, ɗan ƙwalisa, wanda yake gogewa safe da yamma. Ya tura shi zuwa masallaci, ya turo shi ya dawo. Ba wanda ya taɓa ganinsa a kan sirdi. In an tambaya ya ce gwiwa, in gwiwa ta warke ya ce taya, in taya ta cika sai ya taɓe baki.

"Wannan layin bai kai matsayin keken nan ba. Da kun gan ni ina saurayi! Daga nan har bakin teku ban taɓa sauke ƙafa ba."

Ana nan sai majalisar birni ta sanar cewa za ta ware wa kekuna hanyarsu, a shafa mata koren fenti a gefen titi. Unguwar da tata ta fi kyau, kansila da kansa zai zo ya buɗe, a ɗauki hoto a sa a jarida. Kalmar hoto kawai Pak Darmaji ya ji. Kafin azahar ya kai sunan layin Kemuning, layin da in becak biyu, wato kekunan haya masu ƙafa uku, suka haɗu sai ɗaya ya ja da baya suna gaisawa.

Matarsa, Bu Warsini, tana tsintar shinkafa ya shigo da albishir. Ta saurare shi har ya gaji, sannan ta ce, "To Pak, rumfar bikin Ratri fa, a ina za a kafa ta?"

Ratri ita ce 'yarsu ɗaya tilo, kuma aurenta ya matso. Dattawa sun riga sun haɗa ranar haihuwarta da ta angon sun fitar da ranar biki, irin wannan rana kuwa ba a ɗaga ta ko sama za ta faɗo. A layinmu babu mai zauren taro. In biki ya zo, titi ake rufewa, a kafa rumfa daga ƙofa zuwa ƙofa, matan layi su taru tun ana saura kwanaki su yi girki, samarin layi su riƙa kai wa baƙi faranti har inda suke zaune. Ba a ɗaukar ɗan kwangila, yau naka gobe na wani.

"Bu, ke dai tsinci shinkafarki," in ji shi. "Mutumin da ya tafiyar da tasha guda, rumfa ce za ta gagare shi?"

"Tashar da motoci ke fita ta ƙofar shiga?"

"Wannan laifin direbobi ne."

Dokar majalisa ta ce ba a shafa fenti sai an ji ra'ayin jama'a. Aka turo wata ma'aikaciya, Mbak Yuyun, tashin Jakarta, mai saurin magana da saurin duba agogo. Pak Darmaji ya ce a yi taron a barandarsa. Ya shimfiɗa tabarmi, ya sa aka dafa shayi mai zaƙi, aka soya ayaba da tempe, wainar waken soya, ya bi kowa da kansa yana cewa a ƙara. Sai da kofuna suka koma wayam sannan Mbak Yuyun ta buɗe taswira ta nuna koren zare da zai bi gefen hagu, ya wuce ta ƙofar masallaci, ta ƙofar Pak Darmaji, ya gangara har bakin magudana.

Mbah Ngatemi, tsohuwar da ke sayar da miyar soto a gindin turken lantarki tun Pak Darmaji na yawo ba wando, ta leƙa taswirar ta ga zaren ya bi ta tsakiyar tukunyarta. Ta gyara zama ta ce, "Yana da kyau, Pak. Sai dai kuma..."

"Kun ji ko?" in ji Pak Darmaji. "Mbah ta ce yana da kyau."

Pak Kasmuri mai kiwon agwagi ya yi gyaran murya har sau biyu, ya dubi rufi. "Abu ne mai kyau ƙwarai. Ya dai kamata a yi tunani."

"An riga an yi, Pak Kas. Ni na yi."

Duk wanda aka haifa a nan ya san fassarar wannan magana. In mutumin layinmu ya yi murmushi ya ce yana da kyau a dai yi tunani, to nufinsa sai dai in bayan ransa. Ba ma ce wa mutum a'a a gaban jama'a, balle a barandarsa, da ɗumin shayinsa a cikinmu. Pak Darmaji ya san haka sarai, shi ma da hakan ya tashi, amma ranar kunnensa tafi kawai yake ji. Mbak Yuyun kuwa ba ta sani ba, kuma ba ta zo don ta sani ba.

"Wanda bai yarda ba ya ɗaga hannu," in ji ta.

Kowa ya sunkuyar da kai yana nazarin saƙar tabarma. Wani ma har ya zauna a kan hannunsa.

"Masha Allah, baki ya zo ɗaya! Ban taɓa ganin unguwa mai haɗin kai irin wannan ba." Ta naɗe taswira ta tafi.

Majalisa ta ce za a shafa fenti in damina ta wuce. Pak Darmaji ba shi da wannan haƙurin. Ya je kasuwa ya sayo fentin bango, don ya fi araha kuma a ganinsa kore kore ne, ya ɗaura buroshi a sandar tsintsiya, ya kama aiki ranar Juma'a da hantsi. Masallata suka fito suka taka, suka shiga gidajensu da korayen sawu. Wata kaza ta ratsa, 'ya'yanta suka bi ta. La'asar na yi hadari ya taso, ruwa ya kece, hanyar keke ta tashi gaba ɗayanta ta bi magudana. Washegari Pak Kasmuri ya koro agwaginsa har ƙofar shugaba, kowacce koriya shar daga wuya zuwa wutsiya.

"Pak Shugaba, na zo tambaya ne. Su ma majalisa ta ware su?"

"Ai ka ƙaru, Pak Kas. Yanzu ko sun ɓata ba mai cewa nasa ne."

"Haka ne kuwa. Yana da kyau."

Daga baya ma'aikatan majalisa suka zo da fenti na gaske, suka kafa allo mai hoton keke, suka jera turakun roba. Mutanen layi suka ga wuri mai tsabta da santsi, suka gode wa gwamnati. Aka baza ragowar shinkafa tana shan rana a kan koren. Aka kifa tsummokaran goge ɗaki a kan turakun. Masu tsuntsaye suka fito da kejinsu, allon kuma ya zama wurin rataye tabarmar da yaro ya jiƙa. Keke dai ko ɗaya bai bi ba, don mai tallan kayan miya, wanda shi kaɗai ke ratsa layin a kan keke, ya ce ba zai bi hanyar da ta ƙare a cikin magudana ba.

Nan Pak Darmaji ya sayo falmaran mai sheƙi, ya rataya usur, ya shiga aikin tabbatar da doka. Da Mbah Ngatemi ya fara.

"Mbah, tukunyar nan tana kan dukiyar gwamnati."

"Ikon Allah. Da gwamnatin ta zo ai ta tarar da ita a nan."

"Ba ni na ce ba, doka ce. Ke ma kin yarda a taro."

"Na yarda?"

"Kin ce yana da kyau."

Ta dube shi tun daga silifa har falmaran. "Kai ma ranar da aka haife ka haka na ce wa uwarka."

Duk da haka ya sa aka ja teburinta zuwa cikin wani lungu inda ko kyanwa sai ta yi tambaya kafin ta same ta. Masu shan soto suka ragu. Tsohuwa ta ci gaba da juya miyarta tana murmushi, kuma da yana da wayo da wannan murmushin ya fi ba shi tsoro.

Sai ya koyo wata dabara a wurin 'yan sintirin majalisa, wato sace iskar duk abin hawan da aka ajiye a kan kore. Ya sace ta babur ɗin mai kawo gas, unguwa ta yini ba girki. Ya sace ta ungozoma, ta biyo shi da takalmi a hannu. Wata ranar Asabar ya dawo daga kasuwa ya tarar da wata baƙar mota ta haye koren, daidai ƙofar gidansa. Ya durƙusa ya sace tayoyin nan huɗu tas, ya shiga gida yana karkaɗe hannu.

"Bu! Yau na koya wa wani jaki karatu. Ya zo ya girke akwalarsa a..."

A falo ya ga baƙo zaune da kofin shayi a hannu. Pakde Sarwono ne, yayan mahaifin ango, wanda ya taso tun daga garinsu don a tsara yadda za a karɓi dangi. Bu Warsini ta runtse ido.

Baƙon ya ajiye kofi a hankali ya yi murmushi. "Ba komai, Pak. Doka ai doka ce. Jakin dai yana so ya koma gida kafin magariba."

Babu famfon mota a layin. Da ɗan famfon kekensa Pak Darmaji ya durƙusa yana bugawa, gumi na ɗiga daga haɓarsa, unguwa kuma ta fito da kujeru. Masu tsuntsaye suka ce tunda aka sayi keken nan, yau ne aka ga wani sashe nasa ya yi aiki.

Wanda bai ji bari ba ai zai ji hoho. Mako na zagayowa aka yi wa Pak Kasmuri jika, ya yanka akuya, ya kafa rumfa a titi kamar yadda kakanninsa suka yi. Sanduna biyu suka hau kore. Pak Darmaji ya hura usur har jijiyar wuyansa ta tashi, ba wanda ya kula, sai ya buga wa 'yan sintiri waya. Suka zo da motar ɗaukar kaya suka tuge sandunan, suka naɗe rumfar, suka bar malamai da baƙi suna cin naman suna a tsakiyar rana. Matar Pak Kasmuri ta shige ɗaki tana kuka.

Pak Kasmuri bai ɗaga murya ba. Ya tako har gaban shugaba, ya ɗan rusuna. "Pak Shugaba, don in ƙaru. Wannan dokar har ranar bikin Ratri?"

 Da Pak Darmaji ya yi shiru da ya tsira, amma baki shi ke yanka wuya.

"Ko bikin 'yata ne, ko gawata aka shimfiɗa, ba mai kafa tsinke a kan koren nan! Ku shaida!"

"Mun shaida," in ji Pak Kasmuri. "Yana da kyau, Pak."

Da biki ya matso Bu Warsini ta bi gida gida tana gayyatar mata girki. Kowacce ta tarbe ta da fara'a, ta ce in Allah ya yarda, ai Ratri 'yarmu ce. Ta dawo ta zauna a bakin gado ta yi tagumi, don ita kunnenta lafiya lau yake. Ranar da ya kamata tsakar gida ta cika da masu yankan albasa, ba wanda ya leƙo sai kazar nan mai korayen ƙafafu. Samarin layi kuma duk suka ce suna da wani uzuri.

"Sun watse mana, Pak," in ji ta. "Baƙi za su zo daga wani gari su ga 'yarka ba ta da unguwa. Ka je ka ba mutanen nan haƙuri."

"Ni? Ai hassada ce. Ki kira 'yan'uwanki na ƙauye su yi girkin."

Ana cikin haka Mbak Yuyun ta bugo waya ta ce kansila ya sa ranar buɗe hanya, Lahadi mai zuwa da hantsi. Ita ce ranar bikin. Bu Warsini ta ce inna lillahi, mijinta kuwa ya yi tsalle har usur ya doke shi a haɓa.

"Tsuntsu biyu da dutse ɗaya! Za a kafa rumfa a rabin titi na can, a bar koren a buɗe. Bikin farko a ƙasar nan da hanyar keke ta ratsa ta cikinsa! Kansila da kansa zai ci abincin Ratri."

"Pak, girki yana cikin gida, baƙi suna tsallake. Ta ina abincin zai bi?"

"Ya tsallaka mana! Wa kika taɓa gani a kan hanyar?"

A nan dai gaskiya ya faɗa, kuma ita ce gaskiyarsa ta ƙarshe.

Ranar Lahadi rumfa ta tsaya 'yar siririya a rabin titi, dangin ango sun cika ta gwiwa na gugar gwiwa. Amarya da ango na zaune a kan kujerar ado. Pak Darmaji ya sha zanen batik ɗaure tamau har idon sawu, da rigar gargajiya, da wuƙar ado soke a bayansa, ga usur a wuya don ya ƙi cirewa. Aka yi addu'a, aka yi jawabi. Ƙannen Bu Warsini na ƙauye suka fito daga gida a jere, kowa da tire cike da kwanonin miya, wadda da ita ake buɗe cin abinci. Na gaba ya ɗaga ƙafa zai taka kore.

Ƙararrawa ta yi ƙara daga saman layi.

Pak Kasmuri ne a gaba, a kan wani tsohon keke da ya girmi 'ya'yansa. Bayansa ungozoma, bayanta mai gas, sai masu tsuntsaye, sai matan layi, sai samarin nan masu uzuri. Duk wani keke da ya shekara yana tsatsa a bayan ɗaki an fito da shi an zuba masa mai. Can a tsakiya ga Mbah Ngatemi a cikin becak ta harɗe, ana tuƙa ta. Suna tafe a hankali, taya na shinshinar taya, ba wanda ya kauce daga kan kore ko da faɗin yatsa. In sun kai bakin magudana sai su karya ta lungun baya su sake ɓullowa ta sama. Zobe ne ba shi da baki.

"Barka da arziki, Pak Shugaba!" kowa ya ce in ya zo wucewa, yana ɗan sunkuyar da kai. "Allah ya ba da zaman lafiya!"

Masu tire suka tsaya cirko cirko. Ɗaya ya yi ƙoƙarin kutsawa, Pak Kasmuri ya kaɗa ƙararrawa. "A yi hattara, ɗan'uwa, dukiyar gwamnati ce."

Miya ta daina tururi. Baƙi suka fara leƙe, yara suka fara kuka, Pakde Sarwono ya duba agogo ya dubi surukin nasa da irin murmushin ranar famfo. Pak Darmaji ya faɗa bakin hanya yana hura usur yana ɗaga hannu.

"Ku tsaya! Na ce ku tsaya abinci ya wuce!"

"Pak, ba a tsare mai keke a kan hanyarsa," in ji wata murya a bayansa. Mbak Yuyun ce, fuskarta cike da murna. "Kai ma ka sani. Dubi yadda jama'a suka rungumi shirin!"

Tare take da kansila, wanda ya sauka daga motarsa a kan kwana, aka fito masa da keke daga but ɗin motar, ya turo shi sauran 'yan takun. Ya ga kekuna ba iyaka, ya ga mai hoto, ransa ya yi fari.

"Duk birnin nan babu hanyar da ake bi kamar wannan! Ina jagoran? Pak Darmaji, an ce kai tsohon gwani ne. Hau ka ja mu, a ɗauki hoton."

"Ranka ya daɗe, gwiwata..."

"Jiya na ga ka tsallake kwata da ita," in ji ungozoma tana wucewa.

"Tayar ce ba iska."

"Ni na buga maka da safe, kyauta," in ji mai gas. Kafin ya rufe baki wani ya shiga baranda ya turo ɗan ƙwalisan yana ƙyalli.

Zoben kekuna ya buɗe masa wuri, karo na farko tun safe. Pak Darmaji ya dubi kansila, ya dubi surukai, ya dubi mai hoto. Gaskiya guda ɗaya ce za ta cece shi, ya ce jama'a ban iya ba, amma ya gwammace ya mutu. Ya tattare zane, ya ɗaga ƙafa, zane ya ce kyat. Ya dai haye. Pak Kasmuri ya sauko daga nasa keken ya riƙe masa sirdi cikin ladabi.

"Bari in taimaka wa shugaba. Daga nan har bakin teku."

Ya tura shi turawa ta tsakani da Allah.

Layin Kemuning gangare ne. Keke ya ɗauka, kan keke ya shiga rawa, ƙafafun Pak Darmaji na neman feda suna samun iska. Mutane suna ihu, "Birki, Pak! Birki!" Shi kuwa shekara da shekaru yana goge keken nan bai taɓa tambayar aikin ƙarfen da ke gaban yatsunsa ba. Don haka ya yi abin da ya iya a duniya, ya hura usur.

Keke bai ji ba. Ya kauce daga kore, ya daki sandar rumfa ta tsakiya, rumfa ta sunkuyo ta lulluɓe dangin ango. Ya dawo ya ratsa masu tire, kwanoni suka tashi sama. Daga ƙarshe ya yi karo da dakalin ƙofar gidansa, keke ya tsaya, mai shi ya ci gaba, ya sauka daɓas a cikin babbar tukunyar miya da aka fito da ita baranda. Allah ya taimake shi ta huce tun ɗazu, albarkacin dokarsa. Ƙafafu a sama, karas a kan hula, usur na ƙara a hankali duk sanda ya numfasa. A daidai nan mai hoto ya danna.

Dariya ta ɓarke, har da waɗanda ke ƙarƙashin rumfa suna lalube. Amma ba ta daɗe ba, don an ga Bu Warsini tsaye a bakin ƙofa ta rufe fuska da gefen mayafi, kafaɗunta na girgiza. Bikin 'yarta ɗaya ne ya zube a titi a gaban baƙi. Kunya ta kama kowa, har masu kekunan.

Ratri ce ta taso. Ta tattare kayan amarcinta, ta zo ta zare usur daga wuyan ubanta, ta taka har gaban becak. Ta durƙusa a kan koren, ta kama hannun Mbah Ngatemi ta kai goshinta, ta sa mata usur ɗin a tafi.

"Mbah, a bayanki na yi wayo. Yau baƙina za su koma da yunwa?"

Tsohuwa ta share ido da bayan hannu. "Tashi, kar ki ɓata kwalliya. Wa ya ce miki ba mu yi girki ba? Tun shekaranjiya muke kai a lungun da ubanki ya kai ni. Wuri ne mai kyau, ba mai gani." Ta juya wajen samari. "Ku kuma me kuke jira?"

"A dakata tukuna," in ji Pak Kasmuri. Ya rusuna wa Mbak Yuyun. "Mbak, tambayar nan da kika yi mana a baranda, don Allah a maimaita."

"Ai an gama wannan, kun yarda baki ɗaya."

"Ranar mun sha shayin shugaba. Yau kuwa tun safe ko ruwa ba a ba mu ba."

Ta dubi kansila, ya ɗaga kafaɗa. Ta ce a sanyaye, "Wanda bai yarda ba ya ɗaga hannu."

Hannun Bu Warsini ne ya fara tashi. Sai na Mbah, da usur a ciki, sai na layin Kemuning gaba ɗaya. Daga ƙarƙashin rumfa hannun Pakde Sarwono ya ɓullo ta wata yaga. Kansila ya waiga dama ya waiga hagu, ya tuna zaɓe na tafe, shi ma ya ɗaga nasa ya ce dama tun farko yana da shakku.

Nan da nan aka jingine kekuna, aka ta da rumfa, aka faɗaɗa ta daga ƙofa zuwa ƙofa, sandunanta a tsakiyar kore. Tukwane suka fito daga lungu suna tururi, samarin layi suka shiga shawagi da faranti. Dangin ango sun ce ba su taɓa cin soto mai daɗin wannan ba. Uban amarya dai a ɗaki ya ƙarasa bikin, yana ciro taliya daga kunne.

Hoton ya fito a jarida kamar yadda aka yi alkawari, Bu Warsini ta sa shi a gilashi ta rataye a falo, ta ce duk ranar da aka sauke shi ita ma ta tafi garinsu. A takardun majalisa kuwa har yau layin Kemuning ne ke riƙe da kambin hanyar keken da aka fi bi a birni. Shinkafa ta koma shanya, tukunyar Mbah ta koma gindin turkenta, usur na rataye a jikin teburin tana kiran mai kawo ƙanƙara da shi.

Kwanan baya Pak Darmaji ya zo wucewa yana tura kekensa, kan ya ɗan karkace. Ya tsaya ya dubi koren ya girgiza kai.

"Ni fa tun farko na gaya wa majalisa layin nan ya yi ƙanƙanta, ba su ji ba. Amma ina da wani shirin, Mbah. Magudanar can, in aka sa mata ƙananan jiragen ruwa..."

Mbah Ngatemi ta ci gaba da juya miyarta, ta yi masa murmushi mai daɗi.

"Yana da kyau, Pak."

Ya buɗe baki zai ci gaba, sai ya tsaya. Ya dube ta, ya dubi masu shan soto da suka sunkuyar da kai a kwanoninsu. Ya ja kekensa ya yi gaba.